Chapman ɗina ya ƙi yin daɗi, ina na kuskure?

Amaryar Bara:
Salam 'yan uwa, don Allah masu haɗa Chapman a gida ku taimaka min. Na sha shi a wani biki a Kaduna, tun ranar nake marmarinsa, jiya na haɗa Fanta da Sprite da grenadine (jan ruwan sukarin nan mai kauri da ke ba shi kala) amma wallahi zaƙi zalla kamar ruwan alawa, ɗan ɗacin nan mai daɗi babu shi sam, maigida ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin bai ce komai ba.

Hajiya Babba:
Ɗiyata ɗacin nan Angostura ce ke kawo shi, wani ruwa mai ɗaci na kwalba, ɗigo biyu uku ake sawa. Amma ki duba jikin kwalbar, barasa ce kashi 44.7 cikin ɗari, shi ya sa ni ba ta shigowa kicin ɗina. Ɓawon lemon zaƙi nake murzawa a ciki, in matse rabin lemon tsami a kowane kofi.

Ɗan Zariya:
Anti ki rage Sprite ɗin ki sa lemon kwalbar nan tonic water, kwinin da ke cikinsa ke ba da ɗaci. Kuma ki fara cika kofin da ƙanƙara, sai kokwamba yanka siri-siri, lemon kwalba shi ne ƙarshe, kar ki juya da ƙarfi gas ɗin ya tsere.

Maman Biyu:
Ni fa grenadine ta yi min tsada, zoɓo mai kauri nake dafawa ba sukari, kalar ma ta fi fita.

Amaryar Bara:
Na gode Hajiya. Maman Biyu zoɓon cokali nawa a kofi ɗaya?