Wai danna akwatin yarjejeniya a shafin NELFUND sa hannu ne?

DanSamaru:
Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina aji biyu a ABU, jiya na shiga wani kafe a Samaru zan cike bashin karatun nan na NELFUND, yaron kafen ya amshi NIN ɗina da BVN da lambar JAMB, kafin in ankara har ya danna akwatin yarjejeniyar ya tura, ko layi ɗaya ban karanta ba. Da na faɗa ma Baba a waya cewa ya yi wane irin bashi ne wannan, ba biro ba shaidu? Wallahi abin ya tsaya min a rai, ko barcin kirki ban yi ba. Na ɗaure kaina kenan?

'YarKongo:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ai ka riga ka sa hannu. Sashe na 93 na dokar shaida ta 2011 ya amince da sa hannu ta na'ura, kotu ba ta cewa sai da tawada. Ni abin da na fi so ka gane shi ne GSI ɗin da ke ciki, izini ne ka bayar cewa in lokacin biya ya yi ka ƙi, za a iya cira daga duk asusun da ke haɗe da BVN ɗinka. Da yawanmu ba sa karanta wurin nan, kuma nan ne maganar take.

MaiTudunWada:
Kwantar da hankalinka malam, babu kuɗin ruwa a ciki. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura ma jami'a, in ka nemi na aljihu naira 20,000 ne duk wata. Biya kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma fa bashi ne, masu cewa rabonmu ne na arzikin ƙasa su ji tsoron Allah. Ka faɗa ma Baba rubutun da aya ta 282 ta Baƙara ta ce a yi yana nan, a kwamfuta ne kawai.

'YarKongo:
Af, imel ɗin wa aka sa?

DanSamaru:
Subhanallahi, yaron kafen ne ya buɗe min sabo, faswod ɗin ma yana wajensa. Gobe in Allah ya kai mu kafin lakcar ƙarfe 8 zan biya ta kafen in amsa in canza, sannan in zauna in karanta abin nan a wayata daga farko. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.