Gwajin girgiza ya nuna bim na da lahani, amma na kasa gano wurin

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina duba wani bim na kankare, wato gungumen da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗaukar nauyin gini, mai tsawon mita 9 a wani sito a Gusau. Mai ginin ya hana a fasa filasta ko a huda. Na manna na'urorin auna girgiza guda biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da ginshiƙi, ina bugun bim ɗin da guduma mai kan roba.

Yawan kaɗawarsa a daƙiƙa bai kai na sauran bim uku masu girma ɗaya da shi ba, alamar ya yi rauni ke nan. Gano wurin ne ya gagare ni. Na sauya wa na'urorin wuri sau biyar, ban ga inda awon ya fita daban ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, awon safe daban yake da na azahar idan kwanon rufi ya ɗau zafi, har bambancin ya kusa kai wanda nake zargin tsagewa ce ta jawo. Na kashe janareta ko girgizarsa ce ke shiga awon, na sake aunawa, haka dai.

Da na'ura biyu kacal, yaya zan gano daidai inda lahanin yake ba tare da zafin rana ya ruɗa awon ba?