Sabunta tsoffin littattafai: fasaha ce ko cin gumin wani?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Marubucin da ya ɗauki littafin da duniya ta riga ta sani ya sake rubuta shi, ni a wurina bai ƙirƙiri komai ba. Ya tarar an share gona an yi huɗa, ya watsa iri, ya ce shi manomi ne. Sunan mai littafin farko ke sayar masa da nasa. Kuma yanzu su ke kwashe kyaututtuka. Demon Copperhead na Barbara Kingsolver ya samu Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 2023, James na Percival Everett ya samu a 2025. Na farko daga littafin David Copperfield na Charles Dickens aka ɗauko shi, na biyu daga Huckleberry Finn na Mark Twain.

Binta: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. A littafin Twain, yaron nan Huck ke ba da labari, shi kuwa Jim, bawan da ya gudu, ta idon yaron kaɗai muke ganinsa. Everett ya miƙa wa Jim bakin magana. Sai ga shi ya iya karatu da rubutu a ɓoye, kuma gurɓataccen Turancin da bayi ke yi a gaban fararen fata ashe da gangan ne, har zaunar da yara yake yi yana koya musu yadda za su karya harshe don su tsira da ransu. Wannan ba ya cikin Twain ko kaɗan. Wa ya ƙirƙiro shi?

Malam Habu: Na karanta, kuma wurin nan ya taɓa ni. Amma cire Twain ki gani, da me zai tsaya?

Aminu: Ni ina bayan Malam, sai dai damuwata masu karatu ce. Wanda ya san tsohon littafin ba karatu yake yi ba, awo yake yi: nan an bi, nan an kauce. Wanda bai sani ba kuma sai ya rufe sabon ya ɗauka ya gama da tsohon, har ya riƙa yanke masa hukunci bai taɓa buɗe shi ba.

Hajiya Rabi: Aminu ƙanena, tsaya ka ji. A littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë na 1847 akwai matar Rochester, mutumin da Jane mai ba da labarin za ta aura, 'yar Jamaika, da aka kulle a saman bene aka ce mahaukaciya ce. Muna jin dariyarta cikin dare, muna ganin ta yaga mayafin amarya, daga ƙarshe ta cinna wa gidan wuta. Ba a taɓa barinta ta faɗi nata ba. Sai a 1966 Jean Rhys, wadda ita ma haifaffiyar tsibiran Karebiyan ce, ta rubuta Wide Sargasso Sea, ta nuna mana ita tun tana yarinya mai suna Antoinette, yadda aka aurar da ita saboda dukiyarta, yadda miji ya canja mata suna. Haka Kamel Daoud na Aljeriya ya yi a 2013. Balaraben da aka harbe a bakin teku a littafin Albert Camus na 1942 ko suna ba a ba shi ba. Daoud ya raɗa masa Musa, ya sa ɗan'uwansa ya ba da labari. Mutumin da aka kashe ba suna, wani ya zo ya ce yana da uwa da ƙane, wallahi ni ban ga cin gumi a nan ba.

Aminu: Ai kin kawo mini hujja, Hajiya. Yanzu mutane sun tsani Rochester a kan laifin da Rhys ce ta rubuta masa.

Hajiya Rabi: A'a. Charlotte Brontë da hannunta ta rubuta cewa ya kulle matarsa shekara da shekaru, ya ɓoye wa Jane har ranar ɗaurin aure. Laifin yana nan tun farko, masu karatu ne suka yafe masa don mai ba da labarin tana sonsa.

Malam Habu: To, na Rhys da na Daoud na sassauta, don sun shiga inda aka yi shiru. Amma Demon Copperhead fa? Sawun Dickens ya bi taki-taki. Dora, matar jarumin littafin, ta koma Dori, Agnes ta koma Angus, Uriah Heep ya koma U-Haul. An kwashe mutanen daga Ingila an sauke su a Amurka, shi ke nan.

Binta: Malam, inda aka sauke su ɗin shi ne aikin. Yankin duwatsun Afalashiya ne, inda ƙwayoyin kashe raɗaɗi suka ɗaiɗaita gidaje. Dori ba rashin lafiya irin ta Dora ce ta kashe ta ba, ƙwaya ce. Yaron da littafin ke ba da labarinsa, Demon, yana yawo daga hannun wannan mariƙi zuwa wancan, ana bautar da shi a gonar taba. Kingsolver a yankin take zaune, kuma da gayya ta bi Dickens, don a ga maraicin da ya rubuta a 1850 bai gushe ba.

Malam Habu: Da ta rubuta yaron nan ba tare da Dickens ba, da na fi girmama ta. Tana da ƙarfin da za ta iya.