Damin wasiƙun wani sojan ruwa, 1940 zuwa 1942: in raba su ko in bar su tare?

Mai Tara Takardu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina tara tsofaffin wasiƙun sojoji, amma ɗaiɗai nake samu. Wannan karon dami guda ne ya faɗo hannuna a gwanjon intanet: wasiƙun wani matashin sojan ruwan Ingila zuwa ga mahaifiyarsa, daga 1940 zuwa tsakiyar 1942, ɗaure da tsohon zare. Rubutunsa ƙanana ne, sun karkata hagu. Da wuya ya rufe wasiƙa bai gaida ƙanwarsa ba, ko bai roƙi a aiko masa da safa ba. Akwai biyu da aka yanke wa layi da reza, har kana hango haske ta ramin. Babu sunan jirgi, babu sunan tasha.

Wani abokina dillali ya ce in ware ambulan in sayar daban, wai masu tara hatimin gidan waya ambulan kaɗai suke nema. Raina bai kwanta ba. Kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda wasiƙun suka tsaya cak a 1942. Lambar aikinsa ta fara da D/JX. Me kuka gani?

Dattijo Mai Gilashi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah kada ka raba. Sojan ruwa ba shi da izinin rubuta inda jirginsa yake, shi ya sa ka ga wasiƙar ba adireshi. Duk abin da zai nuna maka lokaci da hanya yana jikin ambulan: hatimin mai tace wasiƙu, da haruffan sunan hafsan da ya karanta, wani lokaci har da kwanan wata. In ka sayar da ambulan, ka bar takarda marainiya. Wancan yankan reza ma aikin wannan hafsan ne, kuma saboda shi wasu sojoji suke rubutu a fuska ɗaya ta takarda, kada yanka ya tafi da maganar da ke baya.

Lambar nan kuwa ka riƙe ta da kyau. Harafin D yana nufin sansanin sojan ruwa na Devonport da ke Plymouth, kamar yadda P ke nufin na Portsmouth, C kuma na Chatham. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajistar mamata kusan miliyan 1.7 na yaƙe-yaƙen duniya biyu, kyauta a intanet. Sa sunansa da lambarsa. In teku ce ta ci shi, mutanen Devonport a dutsen tunawa na Plymouth ake rubuta sunayensu, rajistar kuma ta kan kawo sunan jirgi da ranar rasuwa. In bai fito ba, alama ce ta ya tsira, wataƙila sauran wasiƙun ne suka ɓace a hannun magada.

Hajiya Mai Adana:
Malam, ni ajiyar ce ta dame ni. Kwance zaren nan, amma kada ka yar da shi, kuma ka rubuta jerin yadda ka same su kafin ka taɓa komai, domin uwar ce ta jera su haka. Cire duk allura ko maƙalin ƙarfe, tsatsa tana cin takarda. Ban da salatif, ban da liƙe su a roba da zafi, wannan ba ya gyaruwa. Ka buɗe ninkin a hankali, ka sa su a shimfiɗe cikin takarda marar asid, nesa da rana da laima. In ka ga rubutun fensir mai ɗan ƙyalli, ka kiyaye shi daga ruwa; ɗigo ɗaya zai mayar da shi shunayya ya bazu.

Ka duba ko akwai 'yan ƙanana masu kama da hoto. Tun 1941 Ingila ta fara ɗaukar wasiƙun sojojinta na Masar a fim don rage wa jirgin sama nauyi, a wanke su a gida a kai wa iyali. Amurka ta bi sahu a 1942. Waɗannan ma ka nisanta su da haske.

Mai Tara Takardu:
Allah ya saka da alheri, Baba. Hajiya, akwai irin masu hoton nan guda uku, na ɗauka ma kwafi ne wani ya yi daga baya. Na duba rajistar, sunansa ya fito, lamba ta yi daidai, yana dutsen Plymouth, shekararsa 21. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba zan raba ba, kuma ba zan sayar ba. Rajistar ta kawo sunayen iyayensa da garinsu, don haka zan nemi ko ƙanwar nan ta bar zuriya. In an same su, asalin ya kamata in ba su, ko hoton wasiƙun ya isa?