Neman kalmar Hausa: me za mu kira deadhead na matuƙan jirgin sama?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da matuƙan jirgin sama ke yawan faɗa in suna maganar jadawalin aikinsu, wato deadhead, a bakin namu sai ka ji dedihed. Abin da take nufi shi ne kamfani ya ɗauki matuƙi ko ma'aikaciyar cikin jirgi ya zaunar da shi a kujerar fasinja, wani lokacin da yunifom ɗinsa da komai, a kai shi wani gari saboda can jirgin da zai tuƙa yake, ko kuma ya gama aiki a can a mayar da shi tasharsa. Misali yana Legas amma jirginsa na gobe daga Kano zai tashi. Dan Allah masu Hausa da ma'aikatan jirgi ku taimaka, ina so a samu wadda har tsohuwarmu a gida za ta ji ta gane, kada wani ya kawo mana "mataccen kai" domin wannan ba Hausa ba ce.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni dai na ce ɗan bulus ko tafiyar bulus, ai asalin kalmar ma a Turanci haka take, wanda ya shiga jirgin ƙasa ko gidan wasa bai biya kuɗin tikiti ba. Shi ma matuƙin bai biya ba.

Tsohon kyaftin:
Ƙanina asalin da ka kawo gaskiya ne amma bulus ba ta yi ba sam, kuma wallahi ina roƙon kada ta kama bakin mutane. Mutumin nan aiki yake yi. Kamfani ne ya rubuta tafiyar a jadawalinsa, bai isa ya ce ba zai je ba, kujerarsa tabbatacciya ce, kuma ana biyansa, wasu kamfanonin cikakke wasu rabi, ya danganta da abin da ƙungiyar matuƙa ta sa hannu a kai a yarjejeniya. A Amurka dokar hutun matuƙa da ta fara aiki a Janairun 2014 ƙarara ta ce wannan tafiyar aiki ce, ba a lissafa ta cikin hutu, dole kafin ka kama tuƙi a ba ka awa 10 na hutu wanda a ciki akwai damar barcin awa 8 ba yankewa. In ka ce bulus toh ka ba manaja hanyar da zai ce ai ka huta a jirgi, alhali duk wanda ya taɓa zama a kujerar tsakiya awa biyar an tashe shi tun kafin asuba ya san ba hutu a wajen.

Kuma fasinja ma sai su ji haushi. Ku tuna abin da ya faru a Chicago a Afrilun 2017, da aka janyo wani likita a ƙasa daga jirgin United Express mai zuwa Louisville fuskarsa duk jini, dalilin shi ne ana so a zaunar da ma'aikata huɗu da za su je su karɓi wani jirgi a can. Abin da aka yi wa bawan Allah nan zalunci ne, amma ma'aikatan ba yawon kyauta za su ba, tura su aka yi.

Malama:
Yallabai kalmarka ta ƙarshe ita na kama, tura su aka yi. Mu a Hausa wanda aka tura ai aike aka yi masa. Me zai hana mu ce tafiyar aike? Ɗan aike ba da son ransa ya fita ba, akwai wanda ya aike shi, kuma wanda ya yi aiken shi ke da nauyin kuɗin mota. Tana da sauƙin sarrafawa kuma, "gobe ina da tafiyar aike zuwa Abuja", "an sa mini aike biyu a wannan satin".

Tsohon kyaftin:
Malama Allah ya ƙara basira, ta zauna mini. Amma fa sai an raba ta da ɗayar, domin nan ne mutane ke cakuɗawa. Akwai matuƙin da tasharsa na wani gari iyalinsa na wani gari, shi ke kai kansa aiki, Turawa na ce masa commuter. Wannan ba wanda ya aike shi, ba a biyansa ko sisi, lokacin hutunsa yake ci, in jirgi ya cika sai ya roƙi kyaftin ya ba shi ƴar kujerar nan ta naɗewa da ke ɗakin tuƙi, in bai samu ba ya makara laifinsa ne, sai dai a wasu yarjejeniyoyin an sa sharaɗin cewa in ka nuna ka gwada jirgi biyu ba ka samu wuri ba toh ba za a hukunta ka ba, kuɗin ranar dai ka rasa. Da yawansu haɗa kuɗi suke su kama ɗaki kusa da filin jirgi a jera gadaje masu hawa biyu.

Ba ƙaramin abu ba ne. Jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Buffalo ranar 12 ga Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, mataimakiyar kyaftin ɗin daga Seattle ta taso cikin dare a jiragen kaya ta canza a Memphis kafin ta iso Newark inda tasharta take, daga wannan gefen Amurka zuwa wancan, shi kuma kyaftin a Florida yake zaune. Masu bincike sun ɗora babban dalilin a kan yadda kyaftin ya ja hancin jirgin ya ɗaga shi sama lokacin da gudunsa ya ragu har na'ura ta yi gargaɗi, amma sun yi magana sosai a kan gajiya. Abin da ke damuna har yau shi ne dokar da ta biyo baya ba ta sa wa irin wannan tafiyar iyaka ba, matuƙi kawai zai sa hannu ya ce lafiyarsa lau zai iya tuƙi. In kalma ɗaya muka ba tafiyoyin biyu, mai karanta labari ba zai taɓa gane wa ke da alhakin gajiyar ba, kamfani ko matuƙin.

Malama:
Toh wannan ai muna da ita tuntuni, jeka-ka-dawo, kamar yadda muke cewa a makaranta. Matuƙin jeka-ka-dawo. In ya roƙi kujerar ɗakin tuƙi kuwa rage hanya aka yi masa, ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku ƴan'uwa. Mu nan Nijar masu aikin jirgi da Faransanci suke magana, su mise en place suke cewa, kamar a ce kai mutum a ajiye shi inda ake buƙatarsa. Kun ga su ma daga gefen kamfani suka kallo ta. Tafiyar aike za ta shiga kunnen mutanenmu ba wahala.

Injiniya:
Ni ta yi mini, saura shi mutumin, me za a kira shi? Ɗan aike a kunnena yaro ne, kuma bana so a manta cewa wanda ke zaune a kujerar nan cikakken matuƙi ne. A 19 ga Yulin 1989 jirgin United samfurin DC-10 daga Denver zuwa Chicago injin wutsiyarsa ya fashe, ɓaraguzan suka yanke layukan man haidirolik duka ukun, sitiyari ya daina aiki gaba ɗaya. Akwai wani kyaftin mai horar da matuƙa a cikin fasinja, Dennis Fitch, shi ya shiga ɗakin tuƙi ya riƙe totur na injina biyun da suka rage, a ƙara wa wannan wuta a rage wa wancan, da haka aka lallaɓa jirgin har Sioux City, cikin mutum 296 mutum 184 suka tsira. Haka a Indonesiya 28 ga Oktoban 2018, Boeing 737 MAX na Lion Air daga Bali zuwa Jakarta na'ura ta dinga danna hancin jirgin zuwa ƙasa, matuƙi na uku da ke zaune a kujerar naɗewa ta ɗakin tuƙi ya taimaka aka kashe makunnin wutar da ke motsa fiffiken wutsiya suka sauka lafiya. Washegari jirgin nan dai ya faɗa teku da mutum 189. Dan haka ni fasinjan aiki zan ce.

Ɗan Zariya:
Na janye bulus. Amma Baba kyaftin, jiragen jigilar alhazai da ke kai mutane Jidda ko Madina su dawo ba kowa, su ma tafiyar aike ce?

Tsohon kyaftin:
A'a ɗana, wannan daban ne, can matuƙan tuƙi suke yi awannin tuƙinsu na tafiya a lissafi, jirgin ne kawai ba lodi. Ka ce jirgi ya dawo wayam kowa ya gane.

Mai tambaya:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan tafiyar aike in kamfani ne ya tura, wanda aka tura fasinjan aiki, wanda ke kai kansa matuƙin jeka-ka-dawo. Yallabai kyaftin ina roƙon ka gwada su a bakin yaran da ke kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya mu ji ko za su kama. Saura standby, wanda ke zaune a gida ko a filin jirgi waya a hannu ba shi da ikon yin nisa ko da za a neme shi, ni zaman jiran kira na rubuta amma ta yi mini tsawo, Malama me kika gani?