Wa ya san labarin kulob ɗin Jamestown Jammers?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni, ƙanena ne ya sawo hular hana-sallah wajen masu gwanjo a babbar kasuwa, gabanta an yi zanen inabi mai ido da baki ya wani murtuke fuska, a baya kuma an rubuta Jamestown Jammers. Wani abokina ya ce mani kulob ne na Amurka amma ya mutu tuntuni, to ni abin da ke ɗaure mani kai shi ne ya za a yi kulob mai kaya har suna isowa Katsina a ce babu shi? Faɗuwa suka yi ƙasa ko kuɗi ne suka ƙare?

Malamin Rafindaɗi:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya yi gaskiya, sai dai ba ƙwallon ƙafa ba ne, besbol ne, wanda ake jefo ƙwallo mutum ya maka mata sanda ya ruga. Jamestown ƙaramin gari ne a yammacin jihar New York, mutanensa wajen dubu 30 ne, da can an san shi da kamfanonin kujeru da gadaje. Inabin kau ba ado ba ne kawai, yankin nasu na bakin tafkin Erie manoman inabi ne sosai shi ya sa a 2006 suka maida shi tambarinsu.

Kulob ɗin ya yi wasa daga 1994 zuwa 2014 a wata ƙaramar gasa mai suna New York-Penn League, kakarsu gajera ce, daga Yuni zuwa farkon Satumba an gama. Kuma abin da ya kamata ka gane shi ne 'yan wasan ba nasu ba ne, babban kulob ne ke ɗaukar yara sabbin shiga ya biya su albashi ya turo su nan su goge, wanda ya nuna hazaƙa a ja shi sama, wanda ya kasa a sallame shi. Sun yi wa Detroit Tigers wannan reno, sannan Atlanta Braves, sannan Marlins daga 2002 har 2012, shekara biyun ƙarshe kuma Pittsburgh Pirates. Giancarlo Stanton da ya zo ya yi suna a Marlins kafin ya koma babban kulob ɗin New York Yankees ya ɗan buga wasa a nan a 2007 yana yaro, Marcell Ozuna, wani shahararren ɗan wasan, shi ma ya buga a nan a 2010.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya ƙara sani Malam. To amma mutuwar fa, rilegeshin ne ya ci su?

Malamin Rafindaɗi:
A'a ai su can babu faɗuwa ƙasa sam, ko kai ne na ƙarshe kullum kana nan a gasarka. Kulob dukiyar mai shi ce, in ya ga garin ba ya kawo kuɗi sai ya kwashe komai ya kai wani gari. Filinsu na Jamestown tun 1941 aka buɗe shi, ya tsufa, 'yan kallo kuma sun ja baya har suna cikin na ƙarshe a gasar wajen cika fili. Can Morgantown a jihar West Virginia kuma ga sabon fili ana ginawa tare da jami'ar garin, to bayan kakar 2014 sai mai kulob ɗin ya ɗauke shi ya kai can, a 2015 suka fito da sabon suna West Virginia Black Bears. Ita kanta gasar ma ba ta daɗe ba, a 2020 masu babbar gasar besbol ta Amurka suka rage ƙananan kulob daga 160 zuwa 120 aka rushe ta baki ɗaya.

Baban Ummi Daura:
Wallahi wannan abu ya taɓa mani zuciya. Ku duba fa, dattijon da ya saba ya riƙo hannun jikansa da yamma su tafi kallo, ba a tambaye shi ba ba a shawarce shi ba, kawai ya wayi gari an ce kulob ya tashi. Mu nan da Katsina United ta faɗi a 2022 mun ji zafi ƙwarai amma ai tana nan filinta na Karkanda ba wanda ya ɗauke ta ya kai Legas, muka yi haƙuri ta dawo a 2023. Ni dai gara faɗuwar sau goma da irin wannan tsarin nasu.

Hajiyar Sabuwar Unguwa:
Baban Ummi kada ka manta mu ma namu na mutuwa, Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978 yau tana ina? Tambayi yaran yanzu ka ji ko sun taɓa jin sunan. Malam ni tambayata, yanzu filin na Jamestown kango ya zama ko ana amfani da shi?

Malamin Rafindaɗi:
Ana wasa a ciki Hajiya, akwai kulob na ɗaliban jami'a da ke bugawa lokacin hutu, sunansa Tarp Skunks, amma ba ƙwararru masu albashi ba ne kuma ba ya ƙarƙashin wani babban kulob.