Peugeot 504 Coupé mai injin V6: in ta yi zafi ba ta tashi

Salamu alaikum ƴan uwa masana mota. Ina Tahoua, ina da Peugeot 504 Coupé ƙirar 1972, mai ƙofa biyu. Asalin injinta lita 2 ne mai injeksiyon (tsarin fesa esansi cikin inji) samfurin Kugelfischer, ya mutu, babu mai iya gyaransa a nan. Sai mekanisiye ya ɗora mata injin V6 (mai silinda shida) na Peugeot 604, lita 2.7 mai karbirato Solex.

Da safe bugu ɗaya take tashi, gudu kuwa sai wanda ya gani. Amma in na yi tafiya da rana a kan hanyar Konni na kashe ta, shi ke nan. Demarer na juyawa, injin ba ya kamawa, warin esansi ya cika gaban mota. In an kwance buji sai a same su baƙi ƙirin, a jiƙe. Sai ta huce sarai sannan ta yarda ta tashi.

Mun canza buji da bobin, an wanke radiyata, ruwa ba ya tafasa. Abin da nake zargi shi ne pompin esansi: na lantarkin nan na tsohon injin, mai turo esansi da ƙarfi, aka bari, alhali karbirato matsi kaɗan yake so. Mekanisiyen ya ce zafin garinmu ne kawai, ni dai ban gamsu ba.

Shin in sa abin rage matsi ne, ko in nemi ƙaramin pompi? Akwai buƙatar tiyon da ke mayar da rarar esansi tanki? Wanda ya san inda ake samun kayan Solex a Yamai, don Allah ya taimaka.